Kukan da Muka Aika Sama

Bana ma ruwa ya yi nawa. Shamuwa ta iso tun tuni, ta gyara sheƙarta a kan tsamiyar da ke bayan gidanmu a nan Kalgo, ta zauna tana kallonmu muna kallonta. An yi ruwa sau ɗaya mai ɗan dama, mutane suka ruga gona suka yi shuka, daga nan sama ta ɗaure fuska. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe wanki daga kan igiya, yara su fito tsakar gida suna tsalle, kafin magariba ya watse kamar ba a yi ba. Zafi kuwa ba a magana. Ko tabarma ka taɓa da rana sai ka ji kamar yanzu aka sauke ta daga kan murhu.

Ɗana Nasiru, wanda nake zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinsa, shi ba ya kallon gabas. Wayarsa yake kallo. Ya shafa ta da yatsa, ya ɓata rai, ya ce, "Inna, waya ta ce babu ruwa sai wani sati." Nakan ce masa, "Ita wayar ta taɓa riƙe sungumi?" Sai ya yi dariya, ya ɗauki jarka ya tafi neman man injin da yake ba shinkafarsa ruwa a fadama. Abin haushin shi ne, sau da yawa wayar tana faɗin gaskiya.

Rannan bayan azahar aka yi sanarwa ta lasifikar masallaci cewa gobe da hantsi kowa ya fito filin idi, za a yi roƙon ruwa. Ina zaune a inuwa ina tsince tsakuwa a cikin wake. Saratu, matar Nasiru, ta leƙo daga madafa da ɗanta a goye, ta ce, "Inna, da yaro za mu tahi, ko in bar shi ga maƙwabta?"

Ban san lokacin da faifan ya suɓuce daga hannuna ba. Waken ya watse, kaji suka yo kansa, na ce mata tsufa ne. Tambayarta ba ta da laifi. Ba ta san an taɓa yin wata shekara da aka ce mu fito da 'ya'yanmu don ana bukatar kukansu ba.

Yau shekara arba'in da wani abu ke nan. Lokacin ina ƙaramar mace a gidan aure, a wani ɗan ƙauye kusa da Ceberu, a ƙasar Gwandu. Mu huɗu ne a gidan: ni, da Malam mijina, wanda ba malami ba ne, sunan ne kawai ya bi shi, da mahaifiyarsa, wadda ƙanwar ubana ce, shi ya sa nake ce mata Gwaggo. Na huɗun shi ne ɗana na fari, yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ya fara takawa yana dafa bango.

'Yan yanzu ba za su gane yadda muke da ɗan fari ba. Saratu takan ɗaga nata sama a gaban kowa, ta kira sunansa da ƙarfi, ta sumbace shi a kumatu, har ta ɗauke shi hoto. Mu a zamaninmu, a gefen namu inda muka cakuɗu da Fulani, ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa. Ba ka yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki a gaban surukarka, sai ka kau da kai ka ci gaba da daka, wani ya ɗauke shi. Gwaggo ce take goya shi, ita take yi masa wanka, tana tsokanarsa da "mijina mai kwana da yawa". Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce "yaron ga". Amma in na shiga ɗaki na saki asabari, nakan ɗora shi a cinya in ba shi nono, in shinshina wuyansa, in ƙirga 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kamar wani zai sace ɗaya. Kowace mace ta san haka ake yi. Kunyar ta tsakar gida ce, ba ta shiga ɗaki.

Damanar da ta gabata ba ta yi kyau ba, don haka muka shiga bazara da rumbu saura kaɗan. Iri kuwa Malam ya ware shi tun kaka, zangarniyar gero masu kauri, ya rataye su a cikin ɗakin Gwaggo inda hayaƙi ke kai musu. Da lokacin shuka ya yi sama ba ta ce komai ba, sai maza suka shiga shawarar binne. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya jira ruwan a can ƙasa, don ranar da aka yi ruwan farko ka riga kowa. Gwaggo ba ta so ba. Ta ce, "Iri guda gare ka. In anka yi yayyahi ya tashe shi ya bar shi hwa?" Malam ya ce, "Gwaggonmu, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana mai abinci."

Muka fita da asuba. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ƙasar ta bushe har sungumin yana ƙara in ya sauka. Kafin hantsi tafin ƙafata ya yi ja, na yayyaga tsohon zane na naɗe. Kowane rami sai Malam ya ce bismillahi. Ni ma ina faɗa, kuma har cikin zuciyata nake faɗa. A lokacin ban san mutum yana iya yin wata tambaya ba.

Abin da Gwaggo ta ji tsoro shi ya faru. Wata la'asar aka yi yayyafi, wanda bai ko cika ƙwarya a bakin indararo ba, amma ya isa ya tashi iri. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, muka kwana da murna. Bayan 'yan kwanaki gona ta yi kore shar, tsiro siri-siri kamar gashin jariri. Daga nan rana ta fito ta tsaya. Muna kallo suka lanƙwashe, suka yi ruwan ɗorawa, suka zama abin da in ka murza da yatsa sai iska ta ɗauke. Malam ya ɗebi geron da muke ci ya sake shukawa bayan wani ɗan ruwa. Shi ma haka ya tafi. To ka ga an ci iri, an ci abinci, kuma babu wanda ya ci sai ƙasa.

Daga nan rayuwa ta koma lissafin baki. Nakan tashi tun kafin kiran salla in tafi rijiya, don in ka makara sai laka. Guga ya daɗe yana tafiya kafin ka ji ya taɓa wani abu, ya dawo da rabin ruwa mai launin kunun kanwa. Mu zuba a tulu, mu jira ya kwanta, mu tace da bakin mayafi. In rana ta ɗaga mu mata mu shiga daji neman ganye. Da fari tafasa da yaɗiya, da suka ƙare muka koma anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ga shi ruwan sauyawar ma aiki ne. Dusar da muke ba awaki muka dawo muna tankaɗewa muna dama kunu da ita. Gwaggo takan dubi akuyarmu ta ce, "Ki yi haƙuri, yau ma mun ci rabonki." Tuwo sau ɗaya ne, da dare, shi ma in ka ɗaga lomar kana hango hasken fitila ta gefenta.

Garin ya yi shiru. Abin da na fi tunawa ke nan, shirun. Babu ƙarar turmi da safe, don babu abin dakawa. Fulanin da ke zaune a bakin fadamarmu suka daina kawo nono, matansu suka riƙa shigowa da ƙwarya wayam suna tambayar ko akwai dusa. Shanunsu in suka kwanta sai an haɗu an ɗaga su da sanduna. Samari suka watse, wasu Birnin Kebbi, wasu kudu. Malam ya so tafiya, ya dubi tsohuwa ya dube mu, ya zauna.

Nonona ya fara ƙafewa. Yaron ya kama ya ja, ya ja, ya saki ya dube ni. Muka fara ba shi kunun dusa da ruwan rijiyar nan, sai zawo ya kama shi. Ya daina dafa bango. Maɗigarsa ta faɗa har kana iya zuba ruwa ya tsaya. Gwaggo ta jiƙa saiwoyi, Malam ya karɓo rubutu aka ba shi, aka shafe masa jiki da sauran. Asibiti yana da nisa, jakinmu kuma mun riga mun sayar mun ci.

A masallaci kullum wa'azi ɗaya ne, muna jiyowa daga cikin gida: zunubanmu ne suka tsare ruwa. Tauye mudu, hana zakka, gulma. Na yarda, na zauna ina tono nawa laifuffukan, har da naman da na taɓa tsama daga tukunya kafin a raba. Amma a cikin kwanakin nan aka yi ruwa a wani zirin ƙasa gabas da mu, ya sauka sosai a kan gonakin wani mai sayen hatsi da kowa ya san ya rufe rumbuna yana jiran tsada, ya tsaya cak kafin ya iso namu. Da ido muka ga inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ƙare busasshiya ta fara. Aka ce ai wannan talala ce ake yi masa. Abin dai ya tsaya mini a rai.

An fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A yi azumi, wanda dama kusan kullum cikinsa muke, a fita da tsofaffin tufafi, a yi salla, liman ya juya rigarsa ciki ya koma waje, maza su juya nasu, a ɗaga hannu har kafaɗa ta gaji. A dawo gida ana kallon gabas. Da abin ya ƙi, sai dattawa suka ɗauko wani tsohon malami daga wani gari, wanda aka ce bai taɓa roƙo ya koma gida da busasshiyar riga ba. Shi ne ya ce wannan karon kowa zai fito, har mata masu goyo, har dabbobi. Za a raba 'yan maruƙa da shanu, 'yan raguna da tumaki, jarirai da uwayensu. Ya ce, "Mu manya bakinmu ya ƙazanta. Amma kukan wanda bai yi laihi ba, babu abin da ka tsare shi. Ubangiji ya hi uwa tausayin ɗanta."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na ce a raina, in dai kuka ne, nawa yana da shi.

Muka fita da hantsi zuwa wani fili a bayan gari. Babu inuwa sai ta wata bishiyar gawo guda, ita ma ta kaɗe ganyenta tana jiran damina kamar kowa. Aka ɗaure shanu da tumaki a gefe ɗaya, 'ya'yansu a ɗaya gefen, inda suna ganin juna. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Tsofaffin mata suka bi mu suna kwance goyo. Gwaggo da kanta ta ajiye yarona a bakin tabarma, ta gyara masa 'yar rigarsa, ta dawo ta tsaya kusa da ni. Aka ce mu ja da baya, kada wadda ta motsa sai an shafa addu'a.

Da fari yaran sun yi shiru suna kalle-kalle. Sai ɗaya ta fara, sauran suka ɗauka. Tumaki suka ɗauka, shanu suka ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar nan ba, kuma ba na fatan in sake ji. A cikin duk wannan ina jin nasa daban, don nasa ba shi da ƙarfi, wani siririn kuka ne mai yankewa. Ba ya iya rarrafe sosai, amma ya juyo ya gano ni a cikin mata. Ya miƙo hannu ɗaya.

Mata da dama suna kuka, wasu suna kiran sunayen 'ya'yansu daga nesa suna cewa yi shiru ga ni nan. Ni ko wannan ba ni da shi. Ɗan fari ne, ga surukata a gefena, ga gari duka. Na sa ido a ƙasa ina kallon yatsun ƙafata. Rana ta hau, ƙasa ta ɗau zafi, addu'a ta yi tsawo, ana ta amin, amin. Nakan saci kallon sama ta gefen mayafi. Fara fat take, ko ɗigon gajimare babu.

Can sai aka ji hayaniya a wajen dabbobi. Wata saniya ce, fara, ramammiya har kana ƙirga haƙarƙarinta, wadda da safe sai da aka ɗaga ta da sanduna. Ta fizge, ta fizge, igiyar ta tsinke. Ta ratsa ta gefen sahun maza tana tangaɗi, ta isa wurin ɗan maraƙinta ta hau lasarsa. Makiyayin ya bi ta da sanda, ta ƙi motsawa, ya ƙyale ta. Na dube ta, na dubi yaron, wanda zuwa lokacin bakinsa kawai ke buɗewa babu sauti, na sake duban sama. A nan wani abu ya shigo zuciyata wanda ban gayyato ba. Dabba ta ji, ta tsinke igiya. Ni an ɗaure ni da kunya da umarnin malamai. To Shi da aka ce ya fi uwa tausayi, wa ya ɗaure Shi?

Na yi a'uzubillahi. Na yi ta yi har aka shafa.

Ba na cewa ranar nan ce ta kashe shi. Ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa, wataƙila ko yana ɗaki haka za ta kasance. Bai dai ƙara yin kuka mai sauti ba. Ya yi 'yan kwanaki yana kallon rufin ɗaki, ina ɗiga masa ruwa da yatsa, wata safiya bayan na dawo daga rijiya na tarar Gwaggo ta rufe shi da zanenta. Malam ya ɗauke shi a hannu, ko makara ba a nema ba. Mata suka shigo gaisuwa suna cewa, "Sai haƙuri, ya tahi ya jira ki." Ko a ranar ban yi kuka a tsakar gida ba. Ɗan fari ne.

Ba a yi sati da binne shi ba ruwa ya sauka. Ruwa na gaske, da tsawa da iska, irin wanda ke cika kwari kafin ka ɗauke shanya. Gari ya ruɗe da kabbara, yara suna wanka a bakin indararo, kwaɗi suka fito daga inda ban sani ba. Kowa yana cewa an karɓi roƙo, tsohon malamin nan ba ya faɗuwa ƙasa banza. Malam kuwa da aka ɗauke ruwan, fartanya ya ɗauka ya tafi maƙabarta, don sabon kabari ba ya jure irin wannan ruwa. Iri babu. Sai ɗan wake da ubana ya aiko mana, shi muka shuka, shi ya riƙe mu zuwa kaka.

Na taɓa gwada yi wa Malam maganar, sau ɗaya, muna cire ciyawa a cikin waken. Na ce, "Malam, anka ce kukan wanda bai yi laihi ba babu abin da ka tsare shi." Ya ce, "To ba ga ruwa ba?" Na ce, "Bayan mi?" Ya ci gaba da cire ciyawa, ya ce, "Gwaji na. Ubangiji shina gwada bawanai." Na ce, "In ni aka gwadawa, don mi anka aza kayan bisa kansa?" Ya miƙe tsaye ya dube ni da jajayen idanu, ba na fushi ba, ya ce, "Don girman Allah ki bari. In kin ɗauke min wanga, mi za ni riƙe?" Ban sake yi masa ba har ya koma ga inda kowa zai koma.

Na yi ta neman wa abin mafita ni kaɗai. Har na taɓa cewa a raina, wataƙila Shi ma kunya yake yi irin tamu: yana ji, yana kau da kai a gaban mutane, amma in an shiga ɗaki zai yi abin da uwa take yi. Wannan tunanin ya riƙe ni kwana biyu. Sai na tuna ai an shiga ɗakin. Na zauna da yaron a bayan asabari, babu kowa, na roƙa da duk sunan da na sani, a hankali, ba don kowa ya ji ba. Mai kunyar ɗan fari ba ta barin ɗanta da yunwa a ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda babu ta inda za a kama maganar. In ruwa ya zo, an karɓa. In bai zo ba, ana gwada mu. In ya sauka a gonar mutumin kirki, sakamako ne. In ya sauka a ta azzalumi, talala ce. In yaro ya tashi, rahama. In ya mutu, an ɗauke shi ne don a hutar da shi. To in da babu kowa a can, da me zai bambanta? Da wace shekara za ta zo daban? Na juya tambayar nan kamar yadda ake juya waina, kowane gefe ɗaya ne.

Mutum ɗaya na faɗa wa ita a fili, Gwaggo. Bayan kaka ne, da yamma, muna ɓarar wake a ƙofar ɗakinta. Na ji in ban faɗa ba ƙirjina zai fashe. Na ce, "Gwaggo, in babu kowa can hwa?" Ta sa tafin hannunta ta rufe mini baki, da ƙarfi, har na ji ɗanɗanon ƙurar wake. Ta waiga ko akwai mai ji. Na ɗauka za ta zage ni, ko ta aika a kira ubana. Sai ta sauke hannun ta ci gaba da ɓara. Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Biyar na binne kahin mijinki ya tsaya. Kina ce ke kinka hwara tambaya?"

Na ce, "Mi anka ce miki?"

Ta ce, "Ban ji komi ba." Ta kakkaɓe zanenta, ta jawo buta ta tura mini. "Tashi, magariba ta yi."

Na tashi na yi alwala. Haka nake tashi har yau. Ban taɓa barin salla ba, ban sha azumi da gangan ba, goshina ga shi nan da tabo, a unguwa ma ni ake kira wankan gawa. Wani lokaci ina cikin sujada sai in ji kamar akwai mai saurare, in tashi da sanyin zuciya. Wani lokaci kuma ƙamshin tabarma kawai nake ji. Ba ni da ilimin da zan yanke hukunci, ba ni da ƙarfin da zan bari, ba ni kuma da wanda zan tambaya ba tare da an ce tsohuwa ta fara ruɗewa ba. Na haifi wasu bayansa, huɗu suka rayu, Nasiru ne autansu. Da aka haifa masa ɗa namiji, sai ya ce zai mayar da sunan wansa da bai taɓa gani ba, don ya faranta mini. Na ce Allah ya raya. Ina ce wa yaron "angona", kowa yana ɗauka wasan kaka da jika ne kawai.

Na ce wa Saratu ta taho da shi, yanzu ba a raba kowa da kowa. Washegari muka fita filin idi. Abubuwa sun sauya: ga motoci, ga masu sayar da ruwan leda, ga lasifika, wasu matan har da lema. Nasiru ya raɗa mini a hanya cewa waya ta ce akwai alamar ruwa jibi. Na ce to, ko ta wace hanya ya zo muna so. Amma zafin shi ne dai na wancan lokacin, sama ma ita ce, fara fat.

Muka yi sahu a baya. Saratu ta kwance goyo ta zaunar da shi a kan ɗan zane a gabanmu, aka tayar da salla. Liman ya ja sura mai tsawo. Ƙasa ta fara ratsa zanen, yaron ya yi ƙunƙuni, ya waiga bai ga fuskar da ta kula shi ba, ya fashe da kuka. Lafiyayyen kuka ne na yaron da ya ƙoshi, babu abin da zai same shi kafin a sallame, na san da haka. Na runtse ido na riƙe karatuna. Da na buɗe sai na ga ya juyo wajena, ya miƙo hannu ɗaya.

Na san magana tana ɓata salla, tun ina yarinya na sani. Na fita daga sahu, na sunkuya da wannan bayan nawa da ba ya son sunkuyo, na ɗauke shi na manna a ƙirjina. Bakina ya buɗe da sunan da ban taɓa furtawa ba, ba a tsakar gida ba, ba a ɗaki ba, ba a ranar da aka fita da mai shi ba.

Na ce, "Haliru. Haliru, yi shiru, ga ni. Na ji ka."

Matar da ke gefena ta harare ni ta wutsiyar ido. Aka yi ruku'u aka bar ni tsaye ni kaɗai a cikin filin, da yaro a kafaɗa. Na ɗaga kai na duba gabas, babu komai. Shi dai ya yi shiru, ya kama bakin mayafina yana tsotsa.